Don Allah a warware min: 2.8GHz da 2.2GHz, wanne injin waya ne ya fi ƙarfi?

Abba_Gwale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin waya ku zo ku cece ni kafin in zubar da kuɗina a banza.

Wayata ta yanzu ta gaji wallahi, shekararta ta huɗu ke nan a hannuna, in na buɗe CapCut zan haɗa bidiyon minti ɗaya kacal sai ta tsaya tana kallona ina kallonta, eFootball kuwa kar ma a yi zancen, daga ni sai gola ɗan wasa zai daskare, kafin ya dawo hayyacinsa an ƙwace ƙwallon. To na ɗan tara abin da Allah ya hore, jiya na shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na zagaya, a ƙarshe dai waya biyu suka tsaya min a rai, Redmi Note 13 ta 4G da kuma Infinix Note 30. Mai shagon ya ce min in ɗauki Redmi don ita injinta Snapdragon 685 ne mai gudun 2.8GHz, ita kuwa Infinix Helio G99 ne 2.2GHz kawai, wai ko ɗan firamare ya san 2.8 ta fi 2.2. Na ce haka ne. Ina fitowa na haɗu da wani abokina ya ce ai ƙarya ne G99 ya fi, na ce ta yaya, ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa. Wani kuma can gefe yana ta min tallar Samsung S20 Landan yus wai ta taka su duka biyun.

Yanzu dai kaina ya kulle. Duka an rubuta octa-core, duka an ce 6nm. To mene ne bambancin? Kuma wai me ake nufi da nm ɗin nan da kowa ke faɗa? Aikina dai haɗa bidiyon TikTok na tallan takalma da nake sayarwa, sai gem da daddare. Na gode.

Bash_MaiGyara

Wa alaikumussalam Malam Abba. Ni aikina ke nan buɗe cikin waya daga safe har dare, bari in ɗan yi maka bayani yadda na fahimta, in na yi kuskure na ƙasa su gyara.

Abokinka ya fi mai shago gaskiya, duk da shi ma bai san dalili ba. Mai shagon ma ba lallai cutarka yake son yi ba, da yawansu lambar da ke jikin kwali kawai suke karantawa.

GHz ɗin nan yawan bugu ne a daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauka mata biyu ne ke daka a tsakar gida, ɗaya tana sauke taɓarya da sauri sauri amma taɓaryar tata 'yar siririya ce, ɗayar ba ta kai ta sauri ba amma tata taɓaryar mai nauyi ce, duk saukarta ɗaya sai ta yi aikin biyu na waccan. Wa zai riga gama surfe? To mai shago saurin hannu kawai ya faɗa maka, bai faɗa maka nauyin taɓarya ba. Nauyin taɓaryar shi ne irin kor ɗin da ke cikin injin, wato ƙananan sassan da ke yin ainihin lissafin.

Snapdragon 685 manyan kor ɗinsa guda 4 ne, samfurin Cortex-A73, su ne masu gudun 2.8GHz ɗin, sai ƙanana 4 Cortex-A53 masu 1.9GHz. A73 ɗin nan tun 2016 kamfanin ARM ya fito da shi, A53 kuwa ma tun 2012, ka ga ai sun kwana biyu. Shi kuma Helio G99 manyansa 2 ne kawai amma Cortex-A76 ne na 2018 a kan 2.2GHz, sai ƙanana 6 Cortex-A55 a kan 2.0GHz. A76 ɗaya ko da yana tafiya a hankali aikin da yake cirewa a bugu ɗaya ya fi na A73 nesa ba kusa ba, kuma yawancin abin da kake yi a waya, buɗe manhaja, latsa nan ka koma can, kan kor ɗaya ko biyu manya yake hawa, ba kan duka takwas ɗin ba. Shi ya sa a hannu za ka ji G99 ya fi kuzari.

Sannan ɓangaren gem. A cikin cif ɗin, wato injin, akwai wani sashe daban mai kula da zanen hoto, shi ake ce wa GPU. Na 685 sunansa Adreno 610, tsoho ne shi ma, tun Snapdragon 665 ake ta jan sa. Na G99 Mali-G57 MC2 ne, ba wani dodo ba ne amma ya fi wancan. eFootball ɗinka zai fi zama lafiya a kan G99, sai dai kar ka ce za ka kai saitin ƙololuwa, ka bar shi a tsakiya.

Abu na ƙarshe da ya shafe ka kai tsaye tunda bidiyo kake yi: 685 iyakarsa ɗaukar 1080p, G99 yana kaiwa 2K. Babu mai ɗaukar 4K a cikinsu, in wani ya ce maka akwai ka ce ya nuna maka a saitin kyamara.

Amma fa in faɗa maka gaskiya, Redmi ɗin sikirin ɗinta AMOLED ne, kalarta ta fi fita, Note 30 kuwa LCD ne. In ka ajiye su gefe da gefe a shago idonka Redmi zai zaɓa. Wannan kuma kai da zuciyarka.

Abba_Gwale

Kai Oga Bash Allah ya saka da alheri, misalin taɓaryar nan ya shige ni. To amma octa-core ɗin fa? Tsohuwar tawa ma da take ba ni wahala octa-core aka rubuta a kwalinta.

Bash_MaiGyara

Hhhh ai octa-core ya zama kamar lakabin Alhaji, kowa ma ana kiransa da shi. Ma'anarsa kor takwas kawai. Yanzu har wayoyi masu araha a kasuwa yawancinsu kor takwas gare su. Ka ɗauki Helio G35 da G36, takwas ɗin cif cif, amma dukkansu A53 ne, babu babba ko ɗaya, kamar ka kwaso yara takwas ka ce su sauke maka tirelar siminti. Gara ƙarti biyu da yara shida. iPhone 11 ma kor shida kawai ke cikin A13 ɗinta, ta fito tun 2019, amma ka haɗa ta da waɗannan ka ga yadda za ta bar su a baya. Don haka in ka ga octa-core ka tambaya takwas ɗin su wane ne.

Ka sauke CPU-Z ko Device Info HW a tsohuwar wayar taka ka duba, ina kyautata zaton duk A53 za ka gani.

Dan_Samaru

Oga Bash ya gama magana a kan kor, bari ni in ɗauki zancen nm tunda shi ba a taɓa ba, kuma abin da muke karantawa ke nan a makaranta, ko da yake malamai sun fi tsayawa a kan lissafi.

nm gajarta ce ta nanomita, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya ka ɗauki ɗaya. Cikin cif ɗin nan da bai wuce girman farcenka ba akwai wasu ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, biliyoyi ne, aikinsu kunnawa da kashewa kawai, daga nan duk lissafin waya yake fitowa. Duk sanda aka ƙanƙantar da su ana samun damar cusa da yawa a wuri ɗaya, kuma wutar da kowanne ke sha tana raguwa, in shan wuta ya ragu zafi ya ragu batir ya daɗe. To a nan lamba ƙarama ita ce mai kyau, 6nm ta fi 12nm, 4nm ta fi 6nm.

Ga misali mai sauƙi a gidan MediaTek, kamfanin da ke yin Helio. Kafin G99 akwai G96, kor ɗinsu iri ɗaya, A76 biyu A55 shida, GPU ma iri ɗaya. Babban bambancin shi ne G96 a kan 12nm aka buga shi, G99 da ya fito a 2022 a kan 6nm. Wannan canjin kaɗai shi ya sa G99 ya yi suna wajen riƙe caji da rashin zafi, har kamfanoni suka yi ta zuba shi a waya kamar ba gobe, Camon 20 Pro, Pova 5, Hot 40 Pro, har Samsung ta saka shi a A24 da A15 ta 4G.

Amma a yi hattara, lambar nm a yau ta fi kama da sunan samfuri, ba wai an sa ma'auni an auna wani abu ya ba da 6 daidai ba. Kuma ya danganta da masana'antar da ta buga cif ɗin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Qualcomm masu Snapdragon da ke Amurka da MediaTek na Taiwan duk ba su da masana'antar buga cif ta kansu, zane kawai suke yi, shi ma zanen kor ɗin yawanci daga ARM na Kambirij a Ingila suke karɓar lasisi, sai su kai wa TSMC a Taiwan ko Samsung a Koriya ta Kudu su buga musu. Kamar dai mai zanen hula ne da mai ɗinkin, zane ɗaya ne amma hannu ya bambanta. An ga haka ƙarara a 2022, Snapdragon 8 Gen 1 da Samsung ta buga a 4nm ya yi ƙaurin suna wajen zafi, sai Qualcomm ta kai kusan zanen nan ɗaya wurin TSMC shi ma 4nm, aka sa masa suna 8+ Gen 1, ya fito ya fi sauri kuma ya fi sanyi. Duka 4nm fa a takarda.

A naka lamarin dai Malam Abba, 685 da G99 duka TSMC ne 6nm, don haka a nan canjaras suka yi, batir duka za su riƙe maka. Bambancin yana can inda Oga Bash ya faɗa.

Wani abu kuma da ke ɗan ba ni haushi, in ka ga an rubuta G99 Ultra ko G99 Ultimate kar ka ɗauka wani sabon inji ne ka ƙara kuɗi saboda shi. Har G100 ma da ya fito a 2024 kor ɗinsa da gudunsa da GPU duk na G99 ne, an dai ƙara masa ɗaukar kyamara mai 200MP. An canja wa tuwo suna ne kawai.

Ummi_KayanKicin

Ni dai ban san su A76 ba, sai yau nake jin sunansu, amma ina da abin faɗa tunda sana'armu kusan ɗaya ce, ni ma kullum cikin ɗaukar bidiyon kaya nake ina turawa a sitatus.

Abba ka kula da maganar ram, wato wurin da waya ke riƙe ayyukan da ka buɗe. Lokacin da zan sayi tawa mai shagon ya ce min ram 16 ce, na yi ta murna, sai da ƙanina ya duba ya ce min Yaya ai 8 ce ta gaskiya, ɗayar 8 ɗin aro ake yi daga ma'ajiyar wayar. A kwalin ma 8+8 aka rubuta ni ce ban lura ba. Ya ce ta aron ba ta kai ta asali sauri ko kusa, shi a wayarsa ma kashe ta ya yi. To ka tambayi ta asalin nawa ce.

Kuma don Allah in da hali ka ɗauki mai 256, bidiyo na cin wuri kamar me, ga guruf guruf na WhatsApp da ba sa barin mutum ya huta. Tawa ta baya mai 64 kullum cikin goge goge nake kafin in ɗauki sabon abu, wata rana har hoton rasit ɗin kwastoma na goge ban sani ba, ranar na ga tashin hankali.

Bash_MaiGyara

Hajiya Ummi kin taɓo wuri mai muhimmanci. Bari ma in ƙara, ba girman ma'ajiya kaɗai ba har da irinta. Akwai eMMC akwai UFS. eMMC kamar siririyar gada ce ta ƙauye, in mota na zuwa daga can sai ta nan ta jira, ba ya karatu da rubutu lokaci ɗaya. UFS kuwa titi ne mai hannu biyu. Wayoyin da ke da Helio G85 da G88 eMMC 5.1 suke amfani da shi don iyakar abin da cif ɗin ke ɗauka ke nan, shi ya sa za ka ga waya sabuwa tana tashi kamar walƙiya, bayan wata shida ta cika da kaya ta fara jan ƙafa, sai a kawo min a ce bairos ne. Ba wani bairos. G99 da 685 duka suna ɗaukar UFS 2.2, to ta nan Abba ba ka da matsala.

Kwamanda_PUBG

Ku yi haƙuri amma duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutum ya ce muku an yi masa tallar S20 ba wanda ya tanka. Malam in gem da haɗa bidiyo kake so ka ɗauki S20 ka wuce wurin kawai. Snapdragon 865 fa ake magana, manyan kor huɗu A77, ɗaya a cikinsu yana kai 2.84GHz, ga Adreno 650, ga ram LPDDR5, ga 4K har da 8K ma tana ɗauka. G99 a gabanta ɗan shayi ne. Snapdragon layi layi ne, akwai 4 akwai 6 akwai 7 akwai 8, su 685 'yan layin 6 ne, ɗan layin 8 irin 865 ko ya tsufa ya fi sabon ɗan layin 6 irin 685. Tsohuwar Marsandi da sabuwar keke napep kuke haɗawa.

Sani_Maradi

Kwamanda maganarka gaskiya ce amma rabi. Ba kowace S20 ba ce ke da Snapdragon 865. Wadda aka kai Amurka ita ke da shi, amma ta Turai da wadda aka kawo ƙasashenmu Exynos 990 na Samsung ne a ciki. Ka ga in da gaske Landan yus ce kamar yadda mai tallar ya faɗa, to Exynos ce, kuma 990 ɗin an san shi da zafi da shan batir fiye da 865, lokacin da ta fito a 2020 mutanen Turai sun yi ta ƙorafi a kan an sayar musu da mai rauni kuɗi ɗaya. Mu nan yawancin na hannu da ke shigo mana ta Faransa suke biyowa, shi ya sa muka san zancen.

Abba in za ka duba, ka shiga saiti wajen bayanin waya ka ga lambar samfuri. In ta ƙare da U kamar SM-G981U ta Amurka ce, in F ce ko B a ƙarshe to Exynos ce. Ta Amurkan kuma ka sani layi ɗaya take ɗauka a ramin sim, wasu ma a kulle suke zuwa da layin kamfanin can sai an buɗe.

Sannan batir. 4000mAh ne tun tana sabuwa, yanzu an sha shekaru ana caji ana saukewa Allah kaɗai ya san abin da ya rage. Waɗancan sababbin 5000mAh ne kuma ba wanda ya taɓa su. Ka haɗa da zafin watan Afrilu na Kano ko namu na Maraɗi da ake haura digiri 40, duk ƙarfin inji in ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai ka ga gem ɗin da ya fara sumul bayan minti ashirin ya fara tsalle tsalle. Ga kuma wutar da ba ta zama, waya mai neman caji sau biyu a wuni ai ɗawainiya ce.

Kwamanda_PUBG

To ai ko Exynos 990 ɗin ma ya fi G99 ƙarfi malam Sani, wannan ba abin musu ba ne. Batir kuma ana canzawa.

Bash_MaiGyara

Ya fi shi ƙarfi kam, ban musa maka ba Kwamanda. Batir ma ana canzawa, ni nake canzawa ai, amma samun na asali shi ne aikin, yawancin na kasuwa wata uku huɗu sun fara kumburi. Kuma ka tambayi kuɗin sikirin ɗin S20 in ya fashe, mai lanƙwasar gefen nan, wani lokacin gara ka ƙara kaɗan ka sayi wata wayar. Ga shi ta tsaya a Android 13 ba za ta ƙara gaba ba. Kai ɗan gem ne na san ba za ka damu ba, kana da fanka kana da fawa bank, amma shi Abba da wayar yake cin abinci, in ta mutu ranar da kwastoma ke jiran hoton takalmi fa?

Ni da ni ne, tsakanin ukun nan G99 zan ɗauka. In kuma AMOLED ɗin ne ya tsaya maka a rai Abba, akwai masu G99 da AMOLED tare, Camon 20 Pro ɗin da Ɗan Samaru ya ambata, ko Samsung A15 wadda ita kamfanin ma ya yi alkawarin sabunta mata Android sau huɗu. Ka dai riƙe a ranka duk Helio 4G ne, in 5G kake so sai ka nemi Dimensity, kamar 6100+ da ke cikin A15 5G, shi ma in ka duba A76 biyu A55 shida ne da Mali-G57 MC2, kusan G99 ne aka liƙa masa 5G. MTN sun kunna 5G tun 2022 amma ka fara dubawa ko ya iso unguwarku kafin ka biya kuɗinsa.

Abba_Gwale

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga Bash na sauke CPU-Z ɗin a tsohuwar, wallahi kamar kana gani, Cortex-A53 guda takwas reras, ashe shekara huɗu yara nake sa wa sauke siminti.

Ɗazu na koma kasuwar, na fara zuwa wajen mai S20 na ce ya ba ni in duba saiti, F ce a ƙarshen lambar Malam Sani, da na ce masa ai wannan Exynos ce sai ya tsaya yana kallona ya ce wa ya faɗa maka. Na bar ta dai. Mai shagon farko kuma da na yi masa misalin taɓarya dariya ya yi ta yi har ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita. Yanzu dai tsakanin Note 30 da A15 nake, ita Infinix cajarta 45W ce tana cikin kwali, A15 kuwa 25W kuma ya ce min babu kan caja a kwalinta sai dai in saya daban. Na ce ya ajiye min zuwa Litinin.

Hajiya Ummi ita A15 ɗin da na gani mai 128 ce ram 6, mai 256 ɗin kuɗina bai kai ba. In na sa mata memori kad CapCut zai yi aiki da shi lafiya ko sai na matsa na ƙaro kuɗi?